Kawu Sale da Ƙanensa na Brazil

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Lewisham ta London ya san rigar ƙwallon da yake ɗorawa a kan kaftani, har masallacin Juma'a. Bana ta wani kulob a Turkiyya, baɗi ta Japan. Shi ba ruwansa da kulob, mutum ɗaya yake bi, wani mai tsaron baya ɗan Brazil da yake kira "ƙanena".

A layin ofishin shige da fice na Croydon suka haɗu, kowa rungume da takardunsa. Shi wancan ba Turanci, Kawu ba yaren Brazil. Kawu ya miƙa masa gyaɗa, ya karɓa, shi ke nan zumunci ya ƙullu. Ba su sake haɗuwa ba, amma duk ƙasar da aka sayar da shi sai Kawu ya sauya riga.

Tsakani da Allah, ƙanen nan bai iya ƙwallo ba. A shagon aski wani ya ce, "Kawu, mutuminka fa wata uku yana benci."

Kawu ya ce, "Hutawa yake yi. Kai da ba ka benci, wace ƙasa ce ta taɓa nemanka?"

Ranar da ƙanen ya ci gida, na zaci Kawu zai ɓuya. Sai ga shi da rigar ta sha guga. "Ai ƙwallo ta shiga raga. Ba ku ne kuke cewa bai taɓa ci ba?"

Da ɗan wasan ya tsufa, sai ya koma ƙaramin kulob ɗin garinsu. A shekarar ciwon Kawu ya tsananta. Likita ya hana shi hawa jirgi, 'ya'yansa suka ɓoye fasfo. Ya kira ni bakin gadonsa.

"Habu, fasfona yana cikin buhun shinkafa, na ga lokacin da suka sa. Ɗauko min, na riga na yi booking ɗin jirgi."

"Kawu, likita ya ce..."

"Likita ya san ciwo, bai san ƙwallo ba. Ni aro aka ba da ni London. Ƙanena ya gama wasansa a gida, ni ne zan gama a waje?"

Na ɗauko masa. 'Ya'yansa har yau suna jin haushina, ni kuwa ko ɗigon nadama ban yi ba. Kwanansa goma sha biyu a Zariya, yana shan fura a ƙofar gidan mahaifinsa, da rigar a kan kaftani.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta. Shi kuma ƙanen da bai ma san yana da wa ba, Allah Ya saka masa, don shi ya raka mana Kawu gida.