Zomon da Ban Saya Ba

Shekarun baya can, ina sabuwar zuwa Alƙahira karatu, na taɓa ƙulla abota da wani zomo. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi, amma a lokacin ba abin dariya ba ne a wurina.

A Madinat Nasr muke zaune, ni da wasu ɗalibai mata, a wani gidan haya can saman bene. Larabcin da na taho da shi daga gida na littafi ne. In na buɗe baki a kasuwa sai masu kaya su yi murmushi kamar sun ga mai wa'azi, su kuma in sun yi nasu sai in ji kamar ruwa ake zubawa a kwano. Saboda haka na zama marar magana. Daga makaranta sai gida, daga gida sai makaranta, sai kuma kiran mahaifiyata a waya, in ce mata komai lafiya alhali kewar gida na cin raina.

A hanyar da nake bi zuwa inda ake hawa mikrobas, ƙananan motocin hayar garin, akwai wani shagon dabbobi. Tsuntsaye a rataye a ƙofa, kifaye a ciki, 'yan kyanwoyi a keji, sai wani akwatin gilashi a bakin titi da ake zuba 'yan zomaye. Farare ne tas, ƙanana, kowanne bai fi cikin tafin hannu ba. Yara na wucewa su manna fuska a gilashin, iyaye su tsaya, kafin mako ya zagayo an kwashe su an zubo wasu. Guda ɗaya ne ba ya tafiya. Shi ruwan ƙasa ne, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ya kuma girme wa sauran har akwatin ya yi masa kaɗan. Kullum yana can kusurwa ya juya wa titi baya.

Ban san ranar da na fara tsayawa ba. Na dai tsinci kaina ina fita da wuri don in samu 'yan mintoci a wurinsa. Mai shagon, wani dattijo mai tumbi da furfura, da farko ya ɗauka ciniki na zo yi. Da ya ga kullum kallo ne sai ya rabu da ni, daga baya ma har ya riƙa ɗaga mini murfin akwatin in miƙa ganyen latas da nake ɓoyowa a jaka. Ammu nake ce masa, kamar yadda ake kiran dattawa a can. Shi ne mutum na farko a garin da ya riƙa gyara mini Larabci ba tare da ya yi mini dariya ba. Zomon kuma a hankali ya saba da ni. In na ƙwanƙwasa gilashin sai ya juyo, ya ɗaga wannan kunnen mai lafiya, ya matso yana motsa hanci. Da Hausa nake yi masa magana. A duk faɗin unguwar shi kaɗai nake ba labarin yadda na kwana.

Da na gaya wa mahaifiyata, sai da ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, "Zomo dai na miya? An kai ki Masar neman ilimi kin koma hira da nama?" Amma kafin mu ajiye waya ta ce in zai ɗebe mini kewa in saye shi.

Na yanke shawara ke nan, sai na faɗa wa ƙawata, wata 'yar Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, wadda ta riga ni zuwa da shekaru. Na zaci za ta taya ni murna. Sai ta ajiye abin da take yi ta ce, "Mi kike sauri? Bari in kai ki wani wuri tukuna, in kin gani kin ce sai na shago, khalas, shi ke nan, ni zan raka ki." Ashe ita duk ranar hutu takan je unguwar Ma'adi taya wata dattijuwa aiki, matar da ke tattara zomayen da mutane suka gaji da su.

Ranar Juma'a da hantsi muka hau metro, jirgin ƙasan cikin gari. Gidan matar tsohon gini ne, a wani layi mai itatuwa da shiru, irin shirun da na manta akwai shi a Alƙahira. Matar ta yi ritaya daga koyarwa, siririya ce, hannuwanta duk shaidar yakushi. Ta ratsa da mu ta bayan gida zuwa wani ɗan lambu da ta kewaye da waya, ga zomaye nan ko'ina, manya manya, wasu na haƙa rami, wasu sun miƙe ƙafa a inuwa kamar masu gida. Ban taɓa sanin zomo na yin tsalle ya murɗa jiki a sama don jin daɗi kawai ba sai ranar.

Tana raba musu ciyawar da suke kira barsim tana ba ni labarinsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan a cikin kwali aka tsince shi a gefen shara. Waccan wani mai gadi ne ya kawo ta, masu ita sun tashi sun bar ta a baranda. Wancan ɗalibi ne ya saye shi, da ya gama karatu ya rasa yadda zai yi da shi. Ta ce kusan dukkansu daga irin akwatin da nake tsayawa a gabansa suka fito. Ana raba su da uwa tun ba su isa yaye ba, don ƙaramin shi ne ke jan ido, da yawa ma ba sa kai wata a hannun wanda ya saya. Waɗanda suka rayu kuma sai su girma, su fara cin wayar wuta da ƙafar kujera, yaron da ya yi kuka aka saya masa ya koma kan wani abin wasan.

Na ce mata to ai shi ya sa nake son in fitar da nawa daga can. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Ya binti, 'yata, in kin saye shi kin fitar da ɗaya, amma kin share wa wani wuri. Gobe za a cire wani daga jikin uwarsa a sa a gurbinsa."

Sai na ji bakina ya buɗe, da wannan gurgun Larabcin nawa. Na ce na gane, amma shi bai san wannan lissafin ba. Abin da ya sani shi ne akwatin ya matse shi, kuma akwai wata da ke zuwa da latas. Na zaci za ta kawo mini wata hujja. Ba ta kawo ba. Ta ce gaskiya na faɗa, ita ma shekara da shekaru ba ta samu amsar wannan ba, kuma ita kanta ta taɓa saye ba sau ɗaya ba, ta dawo gida tana faɗa da kanta. Shawarar da ta ba ni ita ce in roƙi mai shagon ya ba ni shi kyauta, tunda ya ƙi sayuwa. In ya bayar, an cece shi ba a ƙarfafa cinikin ba.

Muna cikin maganar wata zomanya mai launin toka ta zo ta kwanta a kan gefen abayata. Tsohuwa ce, ƙafarta ɗaya ta baya ta taɓa karyewa ta ɗore a karkace, sauran zomayen na ture ta wurin cin abinci. Matar ta ce ta daɗe tana neman mata gida mai shiru. Ƙawata ta kalle ni tana danne dariya. Da la'asar muka hau metro da kwali a cinyata, an huda masa ramuka, zomanyar na ciki.

Washegari na je wurin Ammu na karanto masa roƙona, wanda na kwana ina haddacewa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce shi ma ba kyauta aka ba shi ba, yana da 'ya'ya a makaranta, in ya fara rabon dabbobi fisabilillahi sai ya rufe shago. Zai dai yi mini ragi sosai saboda ni 'yarsa ce. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Na ce zan yi tunani.

Tunanin nan shi ya cinye ni. In na tashi da safe na ce yau zan saye shi, sai maganar matar Ma'adi ta faɗo mini. In na ce na haƙura, sai in wuce ta gaban shagon ya ɗaga mini kunne. Na tambayi ƙawata, ta ce ita ta faɗi nata, sauran tsakanina da zuciyata ne. Na tambayi mahaifiyata, ta ce ita duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin an yi istihara a kan zomo ba. Ana haka jarrabawa ta matso, na koma fita tun sassafe kafin a buɗe shaguna, in dawo a gajiye ta wata hanya.

Ranar da muka gama jarrabawa na ce ko me za a ce a ce, ni dai zan ɗauko shi. Na wanke wani lungu a baranda, na ɗauki kwalin nan mai ramuka na sauka. Tun daga nesa na hango akwatin cike da farare ƙanana, sababbi. Kusurwarsa babu kowa.

Ammu ya ga kwalin a hannuna, ya kawar da kai yana gyara kejin tsuntsaye. Ya ce mutumin da ke kawo masa su ya zo cikin makon, ya karɓi babban ya musanya masa da ƙanana, haka suke yi in ɗaya ya wuce girman sayarwa. Na tambaye shi ina ake kai su. Ni da na san a garin nan ana cin zomo da mulukiyya, miyar lalon nan tasu, na kuma sha ganinsu a keji a wurin masu yankan kaji. Ya ci gaba da gyara kejin.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya binti," ya ce. "Na riƙe miki shi iya yadda zan iya. Na ɗauka kin fasa."

Ya ce in zaɓi ɗaya cikin ƙananan, zai ba ni kyauta. Kyautar da na roƙa a baya ta zo, amma a kan wanda ba shi nake so ba. Na yi masa godiya na juya da kwalina. A matakalar bene na zauna na yi kuka mai isata, har matar mai gadin gidanmu ta fito tana tambaya ko rasuwa aka yi mini a gida. Na rasa yadda zan yi mata bayani, na ce mata a'a, jarrabawa ce.

Zomanyar nan kuwa ta zauna da ni har na gama karatu. Ta cinye mini gefen littattafai, ta datse wayar caji ba adadi, ta sa 'yan ɗakinmu suka yi ta kai ƙarata wurin ƙawata. In ina karatu a ƙasa takan zo ta cusa kanta ƙarƙashin hannuna sai na shafa ta. Saboda ita na riƙa zuwa Ma'adi duk hutu, a wurin matar nan na koyi Larabcin titi, har na kai ina faɗa da direban mikrobas in ci nasara. Da lokacin komawa gida ya yi, ta tsufa ƙwarai, likitan dabbobi ya ce ba za ta jure doguwar tafiya ba. Na mayar da ita lambun da na ɗauko ta. Matar ta keɓe mata wuri ita kaɗai kusa da ƙofar kicin. Bayan na dawo da 'yan watanni ƙawata ta kira ni ta ce an same ta da safe a kwance a inuwa, ta tafi ba tare da wahala ba. Na yi baƙin ciki, amma irin baƙin cikin da ke da wurin kwanciya, don na san inda ta ƙare, na san kuma a ƙoshe ta tafi.

Yanzu in wani ya tambaye ni, a shago zai sayi zomo ko wurin masu tattara waɗanda aka yasar zai je, nakan ce ya je wurin masu tattarawa. Matar nan ta fi ni gaskiya, na ga lambunta da idona, na kuma ga yadda akwatin gilashin nan ba ya taɓa kwana babu kowa. Nakan ƙara da cewa ya fara tambayar kansa ina zai kasance nan da shekaru, don dabba ba ta san an gama digiri ba. Sai dai ba na ɗaga murya in na faɗa, ba na kuma yi wa wanda ya saya don tausayi gori.

Ina kewar Alƙahira fiye da yadda na zata. Ina kewar ƙawata da ta koma Maraɗi, da shirun layin nan na Ma'adi, har da hayaniyar masu mikrobas. Zomanyata ina da hotunanta cike da waya, in kewarta ta taso sai in duba. Shi kuwa ɗan ruwan ƙasan nan ko hoto ɗaya ban ɗauke shi ba, don a zatona gobe ma yana nan.