Surukinmu Yunani na Utaibiyya

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Dakta Dimitri makwancinsa a nan Makka. Mijin yayata Rabi ne, mutumin ƙasar Girka, masanin kimiyyar nukiliya. Da ya musulunta ya zaɓi sunan Dauda, amma sunan bai kama shi ba. A unguwarmu Utaibiyya, tun daga mai gasa burodi har limamin unguwa, Yunani kowa yake ce masa, yadda Larabawa ke kiran mutanen Girka.

Aikin bincike ya baro a garinsu ya zo wani asibiti a Jidda, yana kula da injinan da ake ƙona ciwon daji da su. A can ya haɗu da Yaya Rabi tana aikin jinya. Mu kuwa jikokin Kanawa ne da suka zo hajji a ƙafa suka zauna, ba mu san komai game da nukiliya ba sai abin da muke ji a labarai. Don haka samarin unguwa suka sa shi gaba da tsokana wai bam yake haɗawa. Sai ya yi dariya, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Ni ba bam. Ni magani."

Ranar da ya fara zuwa gaida Umma, mahaifiyarmu, ba zan manta da ita ba. Mutumin nan ya buɗe hannuwa zai rungume ta ya sumbace ta a kumatu, don haka ake yi wa suruka a garinsu. Innalillahi! Umma ta bar takalmi ɗaya a tsakar gida ta faɗa ɗaki. Amma bai yi zuciya ba. Ya koyi durƙuso, ya koyi gaisuwa daga bakin ƙofa, har ta kai Umma ba ta cin abincin rana sai ta ji ƙarar motarsa.

Kullum sai ya yanko hanya daga Jidda don ya ci abinci da iyalinsa, cikin zafin da ke narkar da kwalta. An sha kiransa manyan taruka a ƙasashen waje, in ya ga za su ci masa hutun makarantar 'yarsa Maryam sai ya ce kalas, wato shi ke nan, ba shi zuwa. Shi ya kawo mana al'adar zama a sufura ɗaya, wato shimfiɗar cin abinci, maza da mata, babba da yaro. Da farko mun ga abin banbaraƙwai, daga baya mu ne muke rige-rigen wurin zama.

Yana da 'yar'uwa ɗaya tal a duniya, yayarsa Eleni, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Musuluntarsa ta yi mata ciwo, ta daɗe ba ta yi masa magana. Bai gaji ba, ya yi ta bin ta da lallashi har ta sauko. Duk hutun bazara sai ya kwashi Yaya Rabi da Maryam su tafi ƙauyensu, duk Juma'a kuma sai ya buga mata waya ya miƙa wa kowa a gidan. Ita Girkanci, Umma Hausa, mu Larabci, shi a tsakiya yana tafinta, yana ƙara gishiri inda ya ga dama. Ba wanda ya ga dalilin koyon harshen wani, tunda ga Yunani nan.

Zuciya ce ta buga masa wata safiya yana shirin fita aiki. Muka yi abin da kowane ɗan Makka zai yi. Aka yi masa wanka, aka sallace shi a Harami bayan la'asar cikin dubban mutane, kafin magariba mun dawo daga maƙabarta. Masu ta'aziyya suna ta cewa ya dace, wallahi mu ma haka muka gani. Maryam ta kira gwaggonta tana kuka, Eleni ta ce ga ta nan tafe.

Washegari ni aka tura filin jirgin Jidda. Ta fito cikin baƙaƙen kaya, riƙe da kwat ɗin da take so a sa masa. Ashe a wurinsu ana jiran dangi su hallara, kowa ya zo ya sumbaci goshin mamaci kafin a rufe shi. Abin da ya kawo ta ke nan. Da guntun Turancina na gaya mata mun riga mun binne shi. Ta dube ni ta sake dubana, sannan ta ce to in kai ta kabarin.

Ya Salam. Na ja mota muka kama hanyar Makka, har muka iso inda allo ya ce wanda ba Musulmi ba ya ratse. Na tsaya a gefen titi na yi mata bayani. Ta fito, ta tambaye ni ta wane ɓangare yake, na nuna mata bayan duwatsu. Ta tambayi me muka rubuta a kan kabarin. Na ce a nan ba a rubuta komai, dutse kawai ake ajiyewa. Ta daɗe a tsaye motoci suna wuce ta, kwat ɗin a hannunta.

Har gobe ba na cewa mun yi ba daidai ba. Addininmu ke nan, kuma na tabbata shi ma haka zai so. Abin da yake cin raina shi ne, cikin gida cike da mutane ba wanda ya tuna cewa akwai wata mata da ya kamata a fahimtar da ita tun kafin ta hau jirgi. Mutum ɗaya ne ya saba tuna irin wannan, shi kuma yana cikin likkafani.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga Makka ta yau. Jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakaninmu da Jidda zai burge shi, na san da sai ya ishe mu da bayanin yadda yake gudu. Dogayen benayen da suka cinye tsofaffin unguwanni kuwa, girgiza kai kawai zai yi. Amma sufurarsa ita za ta fi ba shi haushi. Tun da Umma ta rasu kowa a ɗakinsa yake ci, ido a kan waya. Tafiyar bazara ta tsaya, yau aiki, gobe biza, jibi haihuwa. Girkancin Maryam ya zaizaye, saura gaisuwa da sunayen abinci.

In aka ce me ya rage na Dakta, zan ce injinan da ya kafa an daɗe da sauya su. Akwai dai mutane suna yawo a Jidda da Makka waɗanda ba su san hannunsa na cikin lafiyarsu ba. Akwai Yaya Rabi, wadda har yanzu take zuba man zaitun a miyar kuka. Amma zumuncin da ya ƙulla tsakanin gida biyu, wanda ya fi alfahari da shi a kan duk takardunsa, a hannunmu yake tsinkewa muna kallo, kuma abin yana min ciwo.

Eleni ta tsufa ƙwarai, amma duk shekara in ranar rasuwarsa ta zagayo sai ta kira. An gwada fassarar waya, ba ta iya kama maganar tsohuwar da ke kuka. Bana ma ta yi kiran bidiyo, muka taru a falon Maryam. Ta yi doguwar magana muna gyaɗa kai, sannan ta faɗi Hausa ɗaya tilo da ƙaninta ya koya mata: "Ina yara?"

Maryam ta jawo babbar 'yarta, mai hanci da goshin kakanta sak, ta tsayar da ita gaban wayar. Tsohuwa ta dafe ƙirji tana kiran sunan Dimitri. Yarinyar ta juyo ta tambayi uwarta da Larabci, "Mama, wace ce wannan?"

Eleni, da ba ta ji abin da aka ce ba, ta ci gaba da murmushi tana ɗaga mata hannu.