Ruwan da Bashiru Ya Ƙi Cirewa

Shekara shida ke nan da muka kai Bashiru makwancinsa a Argungu, kuma har yau in damina ta yi nisa, ruwa ya cika fadama, shi ne mutum na farko da ke faɗo mini a rai. Ɗan gwaggona ne, taubashina, saboda haka duk tsawon rayuwarsa ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, shi ma bai taɓa raga mini ba. Bana zan yabe shi son raina, tunda ba ya nan balle ya yi mini dariya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bashiru yana da shagon wasan kwamfuta a Birnin Kebbi. Masu zuwa shagon yawancinsu ƙwallo suke bugawa. Shi kuwa abin da ya ɗauke masa hankali wasan dabarun yaƙi ne, irin wanda ake ba ka gari da jama'a, ka yi noma, ka gina ganuwa, ka tara mayaƙa, sannan ka kara da wani. Shi ya koya mini, kuma ya yi da-na-sani, don na sha lallasa shi. Da yana nan da ya ƙaryata ni.

Wata shekara masu wasan suka ƙara daulolin Afirka ta Yamma, aka ce har da Kabi, daular kakanninmu. Murna ba a magana! Muka cika shagon, aka buɗe taswirar. Me za mu gani? Yashi iya ganin ido, raƙuma, itatuwan dabino, da rijiya ɗaya tilo a tsakiyar gari. Babu gulbi, babu fadama, ko kwale-kwale ɗaya babu. Bashiru ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "To, mu kihin da muke ci, daga sama shika hwaɗowa?" Muka kwashe da dariya, amma shi bai yi ba. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai.

Wasan ya ba kowa damar zana tasa taswirar ya aika, in masu tantancewa sun amince a saka ta a gasa. Nan Bashiru ya ɗaura ɗamara. Ya haɗa kai da amininsa Emeka, ɗan wani mai sayar da kayan gyaran babur, haifaffen Birnin Kebbi, wanda Sakkwatancinsa ya fi nawa kauri. Emeka ya san cikin kwamfuta, Bashiru kuma ya shiga neman tarihi. Ya je Surame, tsohon birnin Kabi, ya ga ganuwar dutse da idonsa. Ya zauna da tsofaffin masunta a Argungu, da manoman shinkafa a Zauro da Gulma, ya bi malaman tarihi da tambaya har suka fara ɓuya in sun hango babur ɗinsa. Inda labari ya rabu biyu kuma ya kasa gane na gaskiya, sai ya bar wurin babu komai.

Babban abin da ya saka shi ne ruwa. A taswirarsa watanni suna juyawa. In damina ta kankama, gulbi ya yi ambaliya, fadama ta cika, doki ya nutse har ƙirji, duk rundunar da ba ta tanadi jirage ba ta maƙale. Shinkafa na tashi tare da ruwan, masunta na ciyar da gari. In rani ya zo kuma ruwa ya janye, hanya ta buɗe, Kabi ta zama kamar kowane gari, mai ƙarfi zai iya cin ta. Na ce masa, "Kai, bar ruwan nan duk shekara mana, kada kowa ya taɓa mu." Ya harare ni ya ce, "Wato ƙarya ma in dai tamu ce tana da daɗi ko? An taɓa cin Kabi da yaƙi ko ba a taɓa ba? To a bar ta yadda take."

Da aka aika, amsar da ta zo ta yi daɗi ta kuma yi ɗaci. Sun ce aikin ya yi kyau, amma ruwan yana jinkirta wasa, 'yan gasa kuma ba su da haƙurin jiran rani. Ya cire ambaliyar, su karɓa, su sa sunansa. Duk wanda ke kusa da shi ya ce ya karɓa, har Emeka. Shekaru ya kwashe a kan aikin nan, ga suna yana jiransa. Bashiru ya ce in ya cire ruwa bai san Kabin wa ya kai musu ba. Ya ƙi, suka ƙi. A haka ciwo na 'yan kwanaki ya kama shi, ya rasu taswirarsa tana ajiye.

Abin da ya fi ci mini rai bayan rasuwarsa shi ne Gwaggo, mahaifiyarsa. Ba ta taɓa gane wannan aiki ba. In ana ta'aziyya ana faɗin abin da kowa ya bari, sai ta sunkuyar da kai ta ce nata ɗan kam, wasa ya yi har ya tafi. Na rasa yadda zan fahimtar da ita, kuma duk lokacin da ta faɗa sai na ji kamar an sake binne shi.

Emeka bai zauna ba. Ya saki taswirar a intanet kyauta, da ruwanta da komai. Da farko zagi aka yi ta yi, kowa ya shiga dawakinsa su nutse ya fita yana masifa. Sannu a hankali wasu suka koma, suka koyi kallon wata, suka koyi sassaƙa jirage tun da bazara, suka koyi jira. Suka gano cewa wanda ya iya ruwa da ƙaramar runduna zai kayar da mai babba. Magana ta yi ta yaɗuwa har waɗanda suka ƙi taswirar jiya suka aiko da kansu. Bara aka saka ta a gasa, ba a rage mata ko ɗigo ba, da sunan Bashiru a ƙasanta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san shi, godiya ba za ta fara fitowa ba. Zai ce an faɗaɗa jiragen, namu ba haka suke ba. Zai yi dariya har da hawaye in ya ji baƙi na ƙoƙarin furta Gulma. Zai kuma yi faɗa da samarinmu da ke gardamar tarihi suna kafa hujja da wasan, ya ce su tashi su je su tambayi tsofaffi kamar yadda ya yi. Amma a ransa zai cika fal, don yanzu mutumin da bai taɓa jin sunan gulbin Rima ba yana tsoron daminarmu.

Ranar wasan ƙarshe na gasar, da la'asar, na lallaɓi Gwaggo na kai ta shagon, wanda Emeka ke riƙe da shi yanzu, inda aka taru ana kallon gasar a kwamfuta. Da ƙyar ta yarda. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya tara dawakai ya nufo Kabi, ya makara, ruwa ya tare shi a tsakiyar fadama, jirage suka fito masa ta cikin shinkafa. Shagon ya kaure da ihu, Emeka yana tsalle kamar ba magidanci ba. Gwaggo kuwa ba yaƙin take kallo ba. Ta matsa kusa, ta sa yatsa inda gulbi ya karya kwana, ta ce, "Wanga ai mashigin Gulma ne. Nan nika zaunar da shi in mun tai yankan shinkahwa."

Sannan ta tambaye ni ko Bashiru ne ya sa ruwan. Na ce, "Shi ne, Gwaggo. An ce ya cire, ya ƙi." Ta gyaɗa kai ta ce taurin kan ubansa ne. Emeka ya nuna mata inda sunan yake, ta shafa shi da gefen mayafinta, ni kuwa na juya baya don kada a ga taubashi yana kuka.

Shagon zai iya rufewa wata rana, wasan ma a daina yayinsa. Abin da Bashiru ya bari shi ne ya faɗi garinsu yadda yake, inda muke da ƙarfi da inda ba mu da shi, kuma duniya ce ta dawo ta same shi inda ya tsaya. Tun ranar ban ƙara jin Gwaggo ta ce wasa ya yi ba. Da aka watse, Emeka ya miƙa hannu zai kashe kwamfutar, ta riƙe hannunsa ta ce, "Dakata, ɗana. Bari ruwan shi ƙare cika."