Takwas biyu a hannun Malam Idi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Mamman, wanda Zangon Kwatano ya sani da Mamman Mai Agogo. Idan wannan wata ya zagayo nakan rubuta ɗan abin da na tuna game da shi, yawanci a kan sana'arsa ko zamansa da iyali. Bana a kan karta zan yi magana, saboda wani abu da na gani a watan jiya wanda har yanzu ƙyamarsa ba ta bar ni ba, kuma ina da hannu a ciki.

Shagon gyaran agogonsa yana kan hanyar da ta fita daga Zango ta nufi Jonke. A bayan shagon akwai rumfa da benci biyu, inda ake buga wasan kartar da ake kira takwas daga la'asar zuwa kiran magariba. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ana raba wa kowa karta biyar. Kana ajiye wadda ta dace da ta ƙasa, ko a lamba ko a iri. Idan ba ka da ita sai ka ja ɗaya daga tari. Wanda hannunsa ya fara ƙarewa shi ya ci. Karta uku ne masu ƙarfi a zamanin Yaya. Biyu tana sa na gaba ya ja guda biyu. As, wato mai lamba ɗaya, tana tsallake na gaba. Takwas kuwa tana sauya iri, kuma tana kashe biyu idan an jefa maka ita. Ba a sa ko sisi a wasan, kuma da ladan ya buɗe baki ake kife karta ko da mutum saura guda ya rage masa.

Zango wurin baƙi ne, kowane baƙo kuma da dokar garinsu yake zuwa. Wani ya ce a wurinsu kaza ake yi, wani ya ce a'a. Yaya bai taɓa yi wa mai sabuwar doka musu da baki ba. Abin da yake yi shi ne ya ce, "To, zauna a nan." Sai ya karɓi karta, ya zaɓar wa kansa hannun da ya fi kowane mugunta a ƙarƙashin wannan doka, ya shimfiɗa shi a fili kowa na gani, ya buga shi a kan mai shawarar. Idan mai shawarar ya sami hanyar kare kansa, dokar ta shiga littafi. Idan bai samu ba, an gama magana, a zuba shayi. Littafin nan kaye ne, wato littafin rubutu na 'yan makaranta, mai bango shuɗi, kuma dokokin da suka tsira har suka shiga cikinsa ba su cika shafi huɗu ba.

Abin da yake dubawa ba dokar ita kaɗai ba ce. Yana duba yadda za ta haɗu da waɗanda ke nan tun da. Haka yake yi wa agogo: ba ya sa sabon haƙori sai ya juya shi da hannu ya ga yadda zai ciji na kusa da shi. Misali, ya lura cewa as ba ta da wata illa idan mutum huɗu ke wasa, amma idan saura biyu, tsallake abokin wasa yana nufin ka sake bugawa. Don haka ya rubuta cewa a wasan mutum biyu ba a jera as a kan as. Layi ɗaya ne, kuma ban san muhimmancinsa ba sai bana.

Bayan rasuwarsa mutanen rumfar suka kafa gasa ta shekara-shekara, suka sayi kofi, suka zana sunansa a jiki. Suka zo gida neman izinin iyali, ni na ba su, kuma ni ke miƙa kofin kowace shekara. Shugabancin kwamitin ya faɗa hannun Alhaji Nasiru, babban ɗan kasuwar gwanjo a Misebo, mutum mai kyauta wanda ba ya iya cewa baƙo a'a. Daga nan ɓarnar ta fara, kuma da kara ta fara. Abokan cinikinsa daga Nijeriya suka ce a wurinsu biyar tana sa a ja uku, aka karɓa. Wasu daga Nijar suka ce su da joka suke wasa, tana sa a ja huɗu, aka karɓa don kada a ce an fifita wani ɓangare. Wani direba daga arewacin ƙasar nan ya ce a garinsu wanda aka sa ya ja karta ya rasa bugunsa, shi ma aka karɓa. Na tabbata kowace daga cikin dokokin nan tana da makarinta a garin da ta fito. An kawo dokokin, an bar makaran a can. Takwas ta ci gaba da kashe biyu kaɗai, ba wanda ya tuna ya ba ta iko a kan biyar ko joka. Layin as kuwa ya ɓace lokacin da aka sake buga dokokin a waya.

Ina ganin wannan duka yana taruwa shekara bayan shekara. Na yi shiru, saboda Alhaji ne ke kawo rumfar haya da kujeru da abinci, kuma na ji nauyin a ce ƙanen mamaci ne ke ɓata wa mutane taro. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora shi a kan kowa ba.

Wasan ƙarshe na bana ya haɗa Malam Idi tela da Bashir, wani matashi mai tuƙa zem, wato babur ɗin haya. Malam Idi ya haura saba'in. Tare suka kafa rumfar da Yaya, kuma tun daga unguwar Laji yake tahowa, ranar ma sai da ya naɗe wando ya ratsa ruwa kafin ya sami abin hawa. Bai taɓa ɗaukar kofin ba. Mutum ne mai ƙirga abin da ya fita da abin da ya rage, mai iya riƙe karta ɗaya tsawon wasa don lokacin da za ta yi amfani.

Bashir ne ya fara. Ya ajiye as, ya sake ajiye as. Ya bi da biyar mai irin as ta biyun, Malam Idi ya ja uku ya rasa bugu. Ya jefa joka, Malam Idi ya ja huɗu ya sake rasa bugu. Bashir ya kira irin da yake so, ya ajiye ta ƙarshe. Ruwan shayin da aka ɗora a farkon wasan bai ko fara motsi ba. Ina tsaye a bayan Malam Idi, na ga hannunsa: karta goma sha biyu, biyu daga ciki takwas ne, tun rabon farko yake riƙe da su. Bai ajiye ko ɗaya ba. Bai yi kuskure ba, domin ba a ba shi damar yin kuskuren ba. Matasa suna ta ihu suna ɗauka da waya. Shi kuwa ya jera kartarsa a hankali, ya kife, ya ce, "Bashir, sannu da aiki. Ni dai na zo kallo daga nesa."

Ba na ganin laifin Bashir. Abin da doka ta ba shi ya buga.

Kafin a kira ni in miƙa kofi na ja Alhaji gefe, na ce masa ya zauna mu yi yadda Yaya yake yi. Ya yi dariya ya zauna. Na ɗauki hannun kartar Bashir, na buga wa Alhaji shi a fili. Na sake zaɓar wani, na sake. Sau uku bai ajiye karta ba.

"Ka gani, Alhaji?" na ce.

"Na gani, Malam. Ai daɗin ke nan. Yaran yanzu ba sa son wasa mai dogon tunani, so suke a yi ta ta ƙare su tura wa abokai."

"To Malam Idi fa?"

"Baba Idi ya yi haƙuri, za mu ba shi shadda. Baɗi in Allah ya kai mu wataƙila jokar ta faɗo masa."

Da bai gane ba ne, da na ci gaba da bayani. Ya gane sarai, ya zaɓi hakan. Na yi ta tambayar kaina me Yaya zai ce da yana nan. Ina jin ba zai ce komai ba. Mutum ne da idan aka kawo masa agogon da aka cusa wa kayan wani agogo dabam, yakan mayar wa mai shi a hannu ya ce ya kai wa wanda ya fara.

Ban miƙa kofin ba. Na gaya wa Alhaji a gaban 'yan kwamiti, ba tare da ɗaga murya ba, cewa iyali sun janye izininsu, a goge sunan. Wasu sun ce na yi tsauri a kan wasan banza, matar Yaya ma ta ce da na bari taro ya watse tukuna. Wataƙila tana da gaskiya a kan lokacin. Na ji an kai kofin wurin maƙeri, kuma baɗi gasar za ta ɗauki sunan shagon Alhaji. Hakan ya fi dacewa da ita.

Shagon agogon yanzu wurin sayar da kayan waya ne, sunan kuma ya bar jikin kofi da hannuna. Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya, kayen nan shuɗi ne, wanda na kai wa Malam Idi Laji bayan kwana biyu. Na tarar da shi da mutum uku a ƙofar shagonsa suna wasa a kan teburin yankan yadi. Ina zaune wani baƙo a cikinsu ya ce ai a garinsu bakwai tana juya wasa baya. Malam Idi bai ɗaga kai ba. Ya tattara kartar, ya nuna masa kujerar da ke fuskantarsa, ya ce, "To, zauna a nan."

Allah ya jiƙan Mamman, ya sa ya huta.