Ranar da Na Yi wa Ɗan Takara Sabon Tarihi

Ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, ba zan manta Asabar ɗin da aka miƙa mini makirfo a filin unguwarmu ta Bagama a Suleja ba. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma kowa a gida ya san ni da ƙara wa labari gishiri. In na ga ɓera a kicin, kafin labarin ya isa ɗakin Mama ya zama ɗan akuya.

Lokacin zaɓe ne. Wani aminin Babanmu ya fito takarar majalisar wakilai, aka shirya masa taro da direbobin da ke jigilar ma'aikata zuwa Abuja. Baba ya yi mako biyu yana bin su tasha yana lallashi, domin a cewarsa direba safe da yamma yana hira da fasinja, inda ya karkata nan mota guda za ta karkata. To a irin wannan taro, ɗan takara ba ya buɗe baki sai an karanta tarihinsa da manufofinsa. Yayana aka ba aikin, amma cunkoson motoci ya riƙe shi a wajen Dutsen Zuma. Baba ya waiwaya, ya ga babu mai bakina a kusa, ya damƙa mini takardar.

"Abin da ke ciki kawai za ki karanta, kin ji ko?"

Na ce na ji. Ina hawa kan benci na leƙa takardar. Wai an haife shi a Bagama, ya yi shekaru yana kwandastan bas, yana aiki yana karatu har ya zama malamin makaranta. Manufofinsa kuwa, zai matsa a gyara hanya, a rage shingayen karɓar haraji, a kai ruwan famfo unguwar Chaza. Shi ke nan fa. Na dubi mutumin cikin babbar rigarsa, na ce a raina wannan ai tuwo ne ba miya, bari in taimaka masa.

Na ninke takardar. Na sanar da jama'a cewa ɗan takararmu ya shugabanci harkar sufuri a ƙasashe bakwai, yana jin harsuna tara, har da wanda ba a gama ƙirƙirowa ba. Mata suka yi tafi, kaina ya ƙara girma. Sai na saki babbar: da zarar ya ci zaɓe zai kawo jirgin ƙasa daga Suleja zuwa Abuja, kyauta, da shayi a ciki.

Yanzu in na tuna, ni kaina mamakin kaina nake yi. A gaban direbobin haya na yi alkawarin kwashe fasinja kyauta.

Wani dattijon direba ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa, ya dubi Baba.

"Alhaji, ko ɓatan kai muka yi? Ni yaron motata na zo gani, wanda ya daɗe yana rataye a ƙofar bas ɗina. Wannan mai jirgin ban san shi ba. In ya kwashe mutanen, mu kuma tayoyi za mu dafa wa iyali?"

Ya juya zai tafi, sauran suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai na gyara zama.

Sai ɗan takarar ya cire babbar rigarsa, ya karɓi makirfo daga hannuna, ya bugi tebur sau biyu yadda ake bugun jikin mota, ya shiga kiran fasinjan Abuja.

"Wuse, Wuse, saura mutum ɗaya! Hajiya, a ɗan matsa ciki."

Dariya ta ɓarke. Dattijon ya tsaya cak, ya ce wannan muryar kam ya gane ta, ita ce ta kusa kashe masa kunnen dama.

"Ni ne dai, Oga," in ji ɗan takarar. "'Yata ce ta yi mini ƙarin girma ba ta tambaye ni ba."

Ya gaya musu ba shi da jirgi, ko keke ma ba zai yi alkawari ba. Ya ce ɗan majalisa ba ya zuba kwalta da hannunsa, aikinsa ya yi doka, ya tsaya a kan kasafi har a saka hanyarsu da ruwan Chaza a ciki. Ya lissafa ramukan hanyar ɗaya bayan ɗaya kamar sunayen 'ya'yansa, direbobi suna tuna masa waɗanda ya tsallake. Babu wanda ya sake tashi har aka yi addu'a. Kafin mako ya zagayo, hotonsa na manne a bayan motocin tasha.

Ni kuwa wanke-wanken gida na mako guda ya hau kaina, yayana na zaune yana ba ni umarni kamar shi ya haifi kwanukan.

A bakin wannan wanke-wanken na gane cewa abin da na ɓoye don kunya shi ne kaɗai abin da mutanen suka zo ji. Tun daga ranar, in aka ba ni tarihin wani in faɗa, nakan bar masa shi yadda ya rayu da shi.