Rigar da Umma ta ɗinka wa kwamfuta



Ɗazu wani mai gyara a Sabon Gari, ko juya kwamfutar Yaya Hafsa bai yi ba, ya ce bairos ce, wato cutar kwamfuta, sai an goge komai. Aikinta na kammala digiri kuwa yana ciki, ba ta ajiye shi ko'ina ba. Ita tana makaranta, ni aka aika, don kwana uku ke nan da an kunna, minti goma sai ta mutu.

Kunya ta hana ni musu. Har ya kai hannu, sai ga Malama Binta mai koya mana kwamfuta ta shigo sayen caja. Tana taɓa kwamfutar da ke kunne, ta janye hannu saboda zafi.

"Subhanallahi! Zainab, wa ya lulluɓe ta haka?"

Na sunkuyar da kai. "Umma ce ta ɗinka mata riga da soso, kada ta kwarzane. Ko ana aiki ba ma cirewa."

"Ai kun toshe mata hanci! Ta ƙasa fankarta ke shan iska. Zafi ke kashe ta."

Ta zare rigar. Awa guda muna zaune, kwamfuta ko gezau. Aikin Yaya lafiya lau, har Malama ta kwafe min shi a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ajiye aiki.

Da na gaya wa Umma, sai ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe ita ma numfashi take yi?"

Yanzu haka tana can da almakashi, tana yanke wa rigar taga.

Don Allah, mu kaɗai muka taɓa yin haka?