Takabar Sarauniya da Takabar Hawwa

Shekara ashirin da biyar ke nan, da lissafin Nasara, da rasuwar yayana Habu, Allah ya jiƙansa. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Shi Bakatsine ne, ni Bazazzagi, sarƙa ɗaya ce ta haɗa ƙafafunmu a jirgin bayin da ya kawo mu nan garin Bahia, hayin teku, kuma tun daga ranar nake ce masa Yaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne tutocin da Turawan Ingila suka rataya a ƙofofin shagunansu a unguwar kasuwa ta Comércio, wai sarauniyarsu ta cika shekara hamsin a kan gado. Na rubuta wannan domin 'yan tsirarun da suka rage masu karanta ajami, da waɗanda za a karanta wa.

Sana'ar Habu ɗaukar kujera. Yaran yanzu ba su san ta sosai ba: kujera ce mai labule, mutum biyu su saɓa sandarta a kafaɗa, su hau da mai ita daga bakin ruwa zuwa tudun gari. Da wannan kafaɗar ya fanshi kansa. Shekara da shekaru wani Bature ɗan Ingila mai fataucin yadi yake ɗauka, kuma a bakin barorin gidansa yake tsinto labarin sarauniyar. Ya san tana 'yar shekara goma sha takwas aka naɗa ta. Ya san 'ya'yanta tara, ya san mijinta baƙo ne daga wata ƙasa, kuma ita ke mulki, ba shi ba. Da ya sauke sanda a kusurwar da 'yan dako ke jiran aiki, sai a fara tsokanarsa.

"Habu, yau me uwar ɗakinka ta ci?"

"Ku yi ta yi," in ji shi. "Wa ya kori jiragen bayi daga tekun nan? Ubanku?"

Nan yana da gaskiya. Jiragen yaƙinta sun matsa har hukumar ƙasar nan ta hana shigo da mutane. Amma nakan tambaye shi, mu da aka riga aka shigo da mu fa? Sai ya ce, "Malam, ta tare ƙofar shiga, saura ta fita. Ka yi mata uzuri, mace mai 'ya'ya tara."

Matarsa Hawwa baiwa ce. Ubangijinta wani attajiri ne na garin nan, shi ya ba da ita haya gidan Baturen nan tana wanki. Dokar Ingila ta hana mutanenta sayen bayi, saboda haka ba sa saye, haya suke yi. Ni na ɗaura musu aure a ɗakin Habu, wani ɗaki a ƙarƙashin bene a unguwar Pelourinho, da shaidu huɗu da goro kaɗan. Ba coci ta san da auren ba, ba alƙali. Ranar Lahadi kawai ake barinta ta zo, ta koma kafin magariba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. A makon ne jirgin wasiƙu ya iso da labarin mijin sarauniya ya mutu, ita kuma ta shige ɗaki ta ƙi ganin kowa. Da Habu ya ji, sai ya ce ashe su ma sun san takaba. Kwana biyu kafin ya cika ya riƙe hannuna ya ce, "Ban haihu ba, ban bar komai ba. Ka ga Hawwa ta zauna mini takaba a ɗakin nan. In ba ta zauna ba, wa zai ce na taɓa yin aure?" Na ce masa na ɗauka.

Bayan mun rufe shi na duba abin da na sani na littafi. Takabar 'ya wata huɗu da kwana goma, ta baiwa rabi, wata biyu da kwana biyar. An yarda ta fita da rana don larura, amma a ɗakin mijinta za ta kwana. Sai na ga abin da zan roƙa bai yi yawa ba: ta yi wankinta, ta dawo ta kwana a gida. Na sa rigata mai kyau na tafi gidan Baturen.

Uwar gidan ta fito mini cikin baƙaƙen kaya tun daga sama har ƙasa. Duk barorin gidan an ɗaura musu baƙin ƙyalle a damtse saboda mijin sarauniya, har da Hawwa, wadda na hango a bayan gida tana shanya. Na yi wa matar gaisuwar mutuwa da harshen ƙasar nan, sannan na ce mata mu ma a wurinmu mace tana zama don mijinta kamar yadda sarauniyarsu ta zauna. Ban yi tsammani ba, sai na ga idonta ya cika da hawaye. Ta ce Habu mutumin kirki ne, bai taɓa girgiza kujera ba. Ta ce ta ba Hawwa kwana uku.

Na ce, "Wata biyu ne da kwana biyar, ranki ya daɗe. Kwana kawai, aikinki ba zai tsaya ba."

Ta ce, "Ba tawa ba ce. Mu ba ma mallakar mutane. Ka je wurin mai ita."

Ta shiga ta fito da yadi baƙi mai kyau, ta ce a ba Hawwa ta ɗinka. Na je gidan attajirin, ko zaure ban wuce ba. Ya aiko a tambaye ni wane limamin coci ne ya ɗaura auren da nake magana.

Kwana uku Hawwa ta yi a ɗakin, ta koma. Ta cire 'yan kunne, ta daina shafa mai, ta bar kitso. Na gaya mata Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kwanakin suna tafiya duk inda ta kwana. Ni na koma ɗakin Habu da zama don kada a ba wani, kuma duk lokacin da na shimfiɗa buzu a cikinsa sai na tuna akwai alkawarin da ban cika ba.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga yau. An gina wata na'ura mai hawa da mutane daga bakin ruwa zuwa tudu cikin ƙiftawar ido, kujeru sun koma sai jefi-jefi. Ina jin da zai tsaya ya daɗe yana kallonta yana shafa kafaɗarsa. Hausa ta kusa ƙarewa a titi, har jikokinmu sai Yarabanci da harshen Turawa. Uwar ɗakinsa kuwa ta tsufa, an ce ƙasashenta sun ƙaru har da Hindu, masu zuwa daga Ikko kuma suna cewa tutarta tana ta matsawa cikin ƙasa wajen garuruwanmu. Ban san ko wannan zai yi masa daɗi ba. Ƙofar fita da yake jira tana buɗewa kaɗan-kaɗan, amma ba ita ta buɗe ta ba. Bayi ne ke gudu daga gonakin rake, hukuma na bin su da dokoki. Abu ɗaya bai canza ba: an ce har yau baƙi take sawa.

Bara, bayan dokar sallamar tsofaffin bayi, magadan attajirin suka saki Hawwa. Hannunta ya riga ya daina matse wanki. Wata safiya na ji sallama, na leƙa, ga ta da ƙullin kaya a ka.

"Ƙanin miji, tattara allunanka. Ɗakin nake so."

Na ce, "Matar Yaya, ki shigo mana, ɗaki naki ne. Sai dai in takaba ce, ta wuce tuni. Littafi bai bin ki komai."

"Sarauniyar can ta yi shekara ashirin da huɗu tana tata, wa ya kai mata littafi ya ce ya isa?"

Na ga ba ta da niyyar sauke kayan, sai na ce to, wata biyu da kwana biyar.

Ta dube ni. "Kai ka ce rabi na baiwa ne. Ni yanzu 'ya ce."

Na kwashe allunana na koma unguwar Itapagipe wurin wani aboki masunci. Kowace Juma'a nakan kawo mata kifi in ajiye a bakin ƙofa. Matan unguwa, Yarabawa da 'ya'yan ƙasa, suka riƙa tambaya wa ya mutu, tana gaya musu daga bayan labule: mijinta ne, mai ɗaukar kujera. Har waɗanda ba a haifa ba lokacin da ya rasu suka zo gaisuwa. Ranar da ta cika wata huɗu da kwana goma ta yi wanka, ta sa 'yan kunnenta, muka dafa shinkafa muka yi sadaka. Yadin Baturiyar nan, wanda ba ta taɓa ɗinkawa ba, shi ta shimfiɗa wa baƙi suka zauna.

In an auna abin da Habu ya bari, ba shi da yawa. Sandar kujerarsa ta ruɓe, kabarinsa na kasa gane shi, sarauniyar da ya yi shekaru yana karewa ba ta taɓa jin sunansa ba. Amma jiya da na bi ta layin na ji wata mai tallar ƙosai tana kwatanta wa wani hanya. Ta nuna ƙofar ta ce masa, nan ne ɗakin matar Habu.

Allah ya kai haske kabarinsa, duk inda yake.